Ƙahon Komawa Aji na Malam Ubbo

Duk wanda ya gaya muku Malam Ubbo Poppinga ne ya ɓata atisayen gobara na makarantar ƙauyenmu, ku dube shi da kyau, za ku tarar ko ɗan hassada ne ko dangin matarsa. Mu mutanen wannan gefe na Frisland, can ƙuryar arewacin Jamus inda iska ba ta zuwa hutu, hali guda gare mu. In Allah ya ba mutum basira, sai mu jeru a bakin shinge da kofin shayi muna jiran ranar da zai zame. Malam Ubbo kuwa basira har ta yi masa yawa, shi ma ya sha faɗa da bakinsa.

Aikin katako yake koyarwa. Amma in kun zauna da shi zai gaya muku asalinsa mutumin teku ne, ya taɓa kashe gobara a tsakiyar ruwa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana tallafe da kyaftin da ya suma. Masu baƙin ciki suna cewa bazara ɗaya tak ya yi a jirgin fito yana soya wa fasinjoji dankali, kuma wutar da ya kashe daga kaskonsa ta tashi. Ba a biye wa irin waɗannan.

Shi ne jami'in kula da gobara na makaranta. Muƙami ne da babu wanda ya nema sai shi, don mutane ba su da hangen nesa. Ana ba mai shi falmaran ruwan ɗorawa mai ƙyalli, da ɗan ɗaki a cikin gini ta can baya, mai abin ɗumama da butar shayi. Abin da ya fi duka, ana ɗauke masa darasin yammacin Juma'a da 'yan aji takwas, yaran da suka taɓa kafe takalman wani malami da ƙusa a daɓen aji yana cikinsu. Shekarun da Malam Ubbo ya yi da falmaran ɗin nan, duk yammacin Juma'a ƙafarsa na kan abin ɗumama, yana tunanin lafiyar al'umma.

Matsalar ta faro ne daga atisayen farkon kaka. An fita lafiya, amma da jiniya ta yi shiru sai rabin yara suka ɗauka an gama, suka koma aji. Wasu suka ji ƙararrawar hutu suka nufi ɗakin cin abinci. Shugabar makaranta, Malama Okka Saathoff, tana tsakiyar fili tana kaɗa hannu, na gaba suka ɗauka cewa take a shiga, na baya suka ɗauka ƙudan zuma take kora. Labari ya kai ofishin gunduma, aka ce za a turo sufeto ya ga atisaye na gaba da idonsa. Malama Okka ta kira Malam Ubbo ofishinta ta faɗa masa ba tare da ta ba shi kujera ba: in aka sake samun wanda ya koma cikin gini kafin a ba da alamar komawa, falmaran ta zama ta Malama Frauke mai koyar da wasanni, shi kuma ya nemi 'yan aji takwas ran Juma'a.

Wani da sai ya tsorata. Malam Ubbo murmushi ya yi, ya bayyana mata cewa fita daga gini ba ilimi ba ne, tunkiya ma ta iya. Ilimin yana wajen komawa. Ya ce kaɗa hannu da ihun "ku shiga" aikin masu kiwon agwagi ne, a teku ba haka ake yi ba, ta ba shi mako biyu ta ga aiki.

Ya je gidan matar wani tsohon kyaftin da ya rasu, ya sayo ƙahon jirgin ruwa, irin wanda ake busawa in hazo ya rufe teku. Na tagulla ne, bakinsa kamar faranti, yana da hannu a gefe da ake murɗawa. Ranar da ya gwada shi a gida kyanwarsu ta kwana biyu a kan rufi, matarsa kuma ta ce ko shi ko ƙahon, ɗaya zai kwana a makaranta.

A taron malamai ya miƙe da ƙahon a hammata ya gabatar da dokarsa. Za a ja layi ruwan ɗorawa a gaban gini. Da zarar an fito, babu mahalukin da zai ƙetare layin nan sai an ji ƙahon tagulla, kuma jami'in kula da gobara ne zai murɗa shi da hannunsa. Shirun jiniya ba alama ba ne, ƙararrawa ba alama ba ce, maganar baki ba alama ba ce. Tsohon malamin lissafi, Malam Eilert, wanda bai taɓa barin doka ta wuce bai leƙa ƙarƙashinta ba, ya tambaya ko har da shugabar makaranta. Aka ce har da ita. Ya ce shugaban ƙaramar hukuma fa? Aka ce ko shugaban ƙasa ne ya tsaya bayan layi.

"Kai fa, Malam Ubbo?"

"Ni ne ma na farko. A rubuta haka."

Aka rubuta. Yamma ta yi, kowa yana son ya tafi gida, hannuwa suka tashi gaba ɗaya. To, ku da kuka san mu, kun san abin da taron malamai ya zartar ya zartu. Ba a canza shi a tsaye, ba a canza shi don ruwan sama, sai wani taron.

Malam Ubbo ya ja layinsa da fenti da kansa. Ya bi aji-aji yana sa yara suna maimaita dokar har ta zauna musu kamar addu'ar cin abinci. Ya aika wa sufeto kwafin hukuncin, don mutum ya san da wa zai haɗu. Don kuma ya nuna wa Malama Frauke matsayinta, ya naɗa ta mai tsaron ƙofa, ya ce aikinta kawai ta tsaya a kan layi kada ta bar ko kyanwa ta wuce, in ta iya wannan wata rana za a duba ta. Ta ce to, Malam. Yarinya ce mai ladabi, kuma ita ce mai tsaron raga ta ƙungiyar ƙwallon hannu ta gunduma. Da 'yan aji takwas suka cusa wa ƙahon burodi da kifi a baki, sai ya kai shi ɗakinsa na makaranta ya kulle a kabad, ya rataya makullin a wuya.

Ranar atisaye ta zo da yayyafi irin namu, wanda ba ya sauka daga sama, daga gefe yake zuwa. Sufeto Rykena ya iso da laima da agogo a hannu, siririn mutum mai fuskar wanda bai taɓa jin labari mai daɗi ba. Malam Ubbo ya tarbe shi da falmaran da aka goge, ya danna jiniya da kansa, sannan ya bazama cikin gini. Ranar an ga aiki. Yaro ya miƙa hannu zai ɗauki jaka, ya ji tsawa. Malama ta juya neman rigar sanyi, aka tuna mata wuta ba ta jira. Ya shiga kicin ya fito da Inna Gesine mai dafa abinci, ludayi a hannunta, tana magana yana tura ta. Shi ne na ƙarshen fitowa, ya ƙetare layi hannuwansa biyu a sama yana nuna wa yara tafukansa, don su ga yadda gwani ke fita bai ɗauki ko tsinke ba.

Aka ƙirga yara, suka cika. Sufeto ya dubi agogo ya gyaɗa kai, ya ce bai cika ganin fita mai sauri haka ba. Malam Ubbo ya ce ai wannan wasa ne, ya fara ba shi labarin kyaftin da ya suma. Sufeto ya bari ya kai wajen da igiyar ruwa ta kai tsawon coci, sannan ya ce yara suna jiƙewa, a ba da alamar komawa.

Malam Ubbo ya kai hannu hammatarsa. Ya kai ɗaya hammatar. Ya shafa ƙirjinsa, ya ji makulli yana lilo.

Bai nuna komai a fuska ba, a nan ake gane manya. Ya taka a hankali zuwa ƙofa kamar mai duba fenti, ya sassauta murya.

"Frauke, 'yata, ɗan matsa in wuce. Yanzu zan fito."

"An busa ne, Malam? Ban ji ba."

"Abin busawar zan ɗauko."

"To a busa mana, sai ka shiga ka ɗauko."

Ya ce mata shi ne ya kafa dokar. Ta ce shi ya sa take girmama ta. Ya ce ya girme ta da shekara ashirin, lokacin da yake kashe wuta a teku ita ko tafiya ba ta fara ba. Ta ce gaskiya ne, kuma duk abin da ta sani game da tsaron ƙofa a wajensa ta koya. Ya nuna mata wani abu a sama ya zabura ta hagu, ya tarar da ita a can. Ya zabura ta dama, ya sake tarar da ita, hannuwa a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe. 'Yan aji takwas suka fara tafi suna kiran sunan ƙungiyarta.

Malama Okka ta matso ta tambaye shi ta gefen baki me ake jira. Da ta ji, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ita da son ranta ne da ta ce ya shiga da gudu a wuce wurin. Amma Sufeto ya riga ya ciro kwafin hukuncin daga aljihu, ya ce a fahimtarsa duk wanda ya ƙetare layin nan kafin ƙaho, laifin farkon kaka ne aka maimaita, kuma abin da aka turo shi ya duba ke nan. Ya ƙara da cewa an ja layi biyu a ƙarƙashin "har da jami'in da kansa", da jan biro.

Malam Ubbo ya ce abu mai sauƙi, ai ga malamai duk a fili, a yi taron gaggawa a ɗage dokar na ɗan lokaci. Malamai da ruwa ya fara shiga wuyansu har sun soma ɗaga hannu, sai Malam Eilert ya yi gyaran murya. Ya ce ba a taro sai an liƙa sanarwa mako guda kafin nan. Aka ce to a liƙa, a sa kwanan watan makon jiya, wa zai sani. Ya ce shi zai sani. Kuma allon da ake liƙa sanarwa yana ɗakin malamai, ɗakin malamai kuwa sai an ƙetare layi. Hannuwa suka koma aljihu. Malam Eilert shi kansa rawar sanyi yake yi, amma fuskarsa ta nuna bai taɓa jin daɗin aiki kamar ranar ba.

Nan Malam Ubbo ya hango mazurarin roba irin na masu gyaran titi a bakin ƙofar makaranta. Ya ɗauko, ya kafa baki a ƙaramin gefen, ya cika ƙirji ya saki wani kuka. A gaskiya ya yi ƙoƙari. 'Yan aji ɗaya har sun kama hannun juna sun fara tafiya, Malama Frauke ta mayar da su. Malam Eilert ya ce hukunci ya ce tagulla, kuma ya ce murɗawa. Waɗanda suka amsa kiran da zuciya ɗaya shanun makwabci ne, suka taso daga ƙarshen makiyaya suka jeru a bakin shinge suna kallonsa da fata.

Ƙarfe sha ɗaya ya yi. A ƙauyenmu ko gawa aka ɗauko, in sha ɗaya ta yi sai an ajiye an sha shayi. Matan layin makaranta da suka ga yara a waje tun ɗazu suka fito da butoci da kofuna da dunƙulen sukari, suka kafa tebur a ƙarƙashin rumfar kekuna. Mazansu suka biyo ƙanshi. Kafin a ce haka, mai gidan burodi, da ɗan wasiƙa, da mai gyaran tarakta duk suna bakin shinge. Wata tsohuwa ta ce a zamaninsu malami tafi yake yi sau ɗaya a koma aji. Wata ta ce ai wannan sabon tsari ne daga teku. Aka miƙa wa Sufeto kofi, ya karɓa, ya nemi cokali zai juya, tsofaffi suka dubi juna suka gane baƙo ne, don mu nan ba a juya shayi.

A cikin masu kallo har da Harm, mai shanun nan, wanda kuma shi ne shugaban 'yan kwana-kwanan sa-kai na ƙauye, kuma ƙanin matar Malam Ubbo. Ya jingina da shinge ya kurɓi shayi.

"Mijin Yaya, na ji ka kira shanuna. Tatsa za ka yi ko darasi za ka ba su?"

"Harm, yau ba ranar wasa ba ce. Aikin hukuma nake yi."

"Na gani. Kyaftin ɗin ma yana nan lafiya, ko ya sake suma?"

A daidai lokacin basira ta sake sauko wa Malam Ubbo. Ya koma gaban Malam Eilert ya tambaye shi a gaban shaidu me hukunci ya hana. Ya ce ƙetare layi. Layi yana ina? A gaban gini. To hukunci ya ce wani abu game da tagar ɗakinsa ta baya, wadda ke buɗe? Malam Eilert ya karɓi kwafin daga hannun Sufeto ya karanta sama da ƙasa, sannan ya amsa da baƙin ciki cewa doka ba ta san da taga ba. Sufeto ya ce shi bai ce e ba, bai ce a'a ba, zai dai kalla. Ya kuma so ya san yadda aka yi tagar ke buɗe, alhali ana rufe tagogi in jiniya ta tashi. Malam Ubbo ya ce wannan dabara ce ta masana, bayaninta yana da tsawo. A gaskiya safarsa ce ya shanya a jikin tagar.

Sai dai bayan ginin makaranta ba a kai masa ta fili. Lambatu ne ya bi gindin bangon, faffaɗa, cike da ruwa baƙi, irin waɗanda suka raba kowace gona da 'yar'uwarta a ƙasarmu. Sai an zaga ta makiyayar Harm a tsallaka. Kakanninmu da doguwar sanda suke tsallake irin wannan, a kafa ta a tsakiya a yi lilo a dira a can, har yau ma samari suna gasar haka da bazara. Malam Ubbo ya ce a kawo sanda. Ya ce shekara uku a jere shi ne zakara, har aka roƙe shi ya daina shiga don yara su samu dama. Harm ya aika aka ɗauko sandar daga rumbunsa, ya miƙa masa, ya ce shi dai ya san ƙasan wurin nan taɓo ne zalla, bara ɗan maraƙinsa sai da tarakta aka ciro shi. Malam Ubbo ya ce bambancinsa da maraƙi ke nan.

Makaranta gaba ɗaya ta gangara kusurwar fili inda ake hango lambatun, ba wanda ya taka layi. Matan suka biyo da butocinsu. Malam Ubbo ya shiga makiyaya, shanu suka raka shi. Ya ja da baya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara falmaran, ya ɗaga wa Sufeto hannu. Ya sheƙo da gudu, ya kafa sanda a tsakiyar ruwa, ya tashi sama. Tashin ya yi kyau, ko maƙiyinsa ya yarda. Sandar ta miƙe tsaye cak, ta tsaya a nan.

Ba ta yi gaba ba, ba ta yi baya ba. Malam Ubbo yana can ƙoli ya rungume ta da hannu da ƙafa, iska tana kaɗa falmaran kamar tuta. Sai sandar ta fara nitsewa a hankali, shi ma yana saukowa da ita, ba gaggawa. Fili ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar kofi a kan faranti.

"Mijin Yaya," in ji Harm daga bakin ruwa, "kana hango tsibiri daga nan?"

Malam Ubbo ya yi ƙoƙarin karkata jikinsa wajen bango. Sandar ta yi shawara, ta zaɓi gefe, ta kwanta a tsawon lambatun. Da ya ɗago, ruwa iya ƙirjinsa, ganyen ruwa ya yi masa hula, falmaran ta koma launin da ba shi da suna. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ta fito ba takalmi. Ya shafa wuya, makulli ya tafi. Ya sanar da jama'a daga inda yake cewa yana auna zurfin ruwan ne, ko da wata rana za a buƙaci jan ruwa daga nan.

Ana cikin wannan ne aka saurari Inna Gesine. Tun fitowa take magana, duk wanda ta tara sai ya ce ta bari a ga ƙarshen ƙaho. Yanzu ta buga ludayinta a jikin ƙarfen rumfa har kowa ya juyo. Ta ce ita dai ta gaya wa Malam Ubbo tukunyar shinkafa da madara ta yaran makaranta duka tana kan wuta, ta roƙe shi ta kashe murhu, ya ce mata ta zaɓa, ranta ko tukunya. To ga ranta nan ta fito da shi, ga kuma tukunya can. Ta nuna da ludayi. Hayaƙi baƙi yana fitowa ta saman tagar kicin, yana tafe da ƙaurin madara.

Jiniya ta sake tashi, wannan karon ba wanda ya danna ta. Yara suka dubi malamai, don an koya musu in an ji jiniya a fita, ga shi kuwa suna waje. Malamar aji ɗaya, da ba ta son a same ta da laifi, ta jera nata ta fitar da su titi. A cikin masu kallo kuma 'yan na'urorin kira suka fara ƙara a ƙugun mai gidan burodi, da ɗan wasiƙa, da mai gyaran tarakta, da Harm, don su ne 'yan kwana-kwanan. Daga inda suke tsaye zuwa kicin ɗin bai fi a jefa dutse ba. Amma ɗan kwana-kwana ba ya shiga wuta da kayan gida. Suka shanye abin da ya rage a kofi, suka ajiye a hankali, suka hau kekuna suka tafi ɗauko mota da hular kwano.

Malam Ubbo yana cikin lambatu yana ba da umarni. Ya ce a kewaye ginin, a duba inda iska ke kaɗawa, a kawo masa igiya. Duk masu ƙarfin da za su ciro shi sun tafi. A ƙarshe tsofaffin mata ne suka miƙa masa manjagara, suka haɗu suka ja, suna yi masa faɗa kada ya fallatsa musu taɓo a siket.

Motar kwana-kwana ta iso da jiniya da fitila, ta tsaya a inda kekunansu suka tashi. Malama Frauke ta tare Harm a kan layi ta tambaye shi ko an busa. Ya ce 'yar'uwa, da zarar motar nan ta tsaya, ginin nan nawa ne, dokar ƙasa ce. Ta dubi Malam Eilert, ya gyaɗa kai, ta matsa. Suka shiga. Wutar ba ta wuce tukunya da tawul biyu ba, amma mutanen nan sun daɗe ba su samu wuta ba, suka ba ta haƙƙinta. Sai da ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar kicin ya gangaro matakala. Aka fito da tukunyar aka dire a gaban Inna Gesine. Ta leƙa ciki, ta ɗago ta nemi Malam Ubbo da ido.

Can aka ji sara daga bayan gini, kamar ana faskare. Sai ga Harm ya fito, gatari a kafaɗa, ƙahon tagulla a hannu. Ya ce ya ga kabad a kulle, ya ji tsoron ko wuta ta ɓuya a ciki. Ya zo har gaban Malam Ubbo, ya rusuna, ya miƙa masa da hannu biyu.

Ku dubi mutum. Takalmi ɗaya, taɓo har kunne, ruwa na ɗiga daga aljihu, amma da ƙahon ya shiga hannunsa sai ya miƙe kamar kyaftin. Har yanzu babu ɗan makaranta ko malami da ya ƙetare layi. In ya busa aka shiga, ya cika sharaɗin shugaba, sauran kuwa sai a ce tsautsayi. Ya juya ya fuskanci Sufeto, ya kama hannun ƙahon. Harm ya ɗora tafinsa a kai.

"Kada ka murɗa, mijin Yaya. Hayaƙi ya cika ginin, ƙasa duk ruwa. Ba mai shiga sai gobe."

"Sau ɗaya kawai, Harm. Don Yayarka."

"In ka busa alamar komawa ga ginin da na rufe, ni da kaina zan kai ka ƙara. Riƙe abinka dai, ya yi maka kyau."

Aka sallami yara. Jakunkuna suna ciki, littattafai suna ciki, don haka babu aikin gida. 'Yan aji takwas suka fita ƙofa suna rera sunan Malam Ubbo, karramawar da babu malamin da ya taɓa samu a makarantar nan. Sufeto ya naɗe laimarsa ya ce a duk aikinsa bai taɓa ganin makarantar da ta iya ƙin komawa gini kamar wannan ba, bai kuma taɓa ganin wadda atisayen gobara ya haifa mata gobara ba. Malam Ubbo har yau yana ambaton rabin farko na wannan magana. Malama Okka kuwa ba ta jira ofis ba. A nan gaban matan shayi ta ce ya tuɓe falmaran. Ya tuna mata sharaɗinta komawa kafin alama ne, kuma ba wanda ya koma. Ta ce gaskiya ne, ta ƙara sabon sharaɗi yanzu. Malama Frauke ta karɓi rigar da yatsu biyu, ta tambaya ko zai fi so ya kai gida a wanke tukuna.

Washegari Malama Frauke ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ku shiga." Kowa ya shiga. Haka kawai, ba tsari, ba martaba.

Amma ba a gama da Malam Ubbo ba. Ran Juma'a da yamma, lokacin darasin 'yan aji takwas, aka neme shi aka rasa. Malama Okka ta leƙa ta taga ta hango shi a fili, bayan layi, ƙahon a hammata, ya kafa laima. Ta sauko. Ya yi mata bayani cikin ladabi cewa lamirinsa ne ya tashi. Hukuncin taro yana nan ba a soke ba, ƙaho bai yi kuka ba, don haka a doka atisayen bai ƙare ba, duk wanda ke cikin ginin nan a kan kuskure yake. Shi ba jami'i ba ne yanzu balle ya busa, ƙahon kuwa da kuɗinsa ya saya, ba ya ba da aro. Ta tambaye shi yaya aka yi lamirin bai hana shi shiga jiya ba, da safiyar yau. Ya ce lamiri ba shi da agogo.

Ta aika aka kira Malam Eilert. Ya saurari ɓangarorin biyu, ya ce abin takaici, Malam Ubbo yana da gaskiya, ba za a tilasta masa ƙetare layi ba. Malam Ubbo ya gyara riƙon laima, ya fara tunanin shayin gida. Sai Malam Eilert ya ƙara da cewa ya duba jadawali, an rubuta malami da aji da lokaci, amma ba a rubuta cewa sai a ƙarƙashin rufi ba.

Malama Okka ta koma ciki. Jim kaɗan ƙofa ta buɗe, 'yan aji takwas suka fito a jere, kowa da guduma da zarto da gwangwanin ƙusa, fuskokinsu cike da son ilimi. Suka ƙetare layi suka kewaye shi. Ruwa ya ƙaru. Babban cikinsu, wani ƙato mai muryar mutum, ya durƙusa ya dubi ƙafafunsa da kyau.

"Malam," ya ce, "sabon takalmi ne wannan?"